Ninki Nawa Ya Ishi Maharbi? Zaɓen Madubin Bindigar Farauta

Idan mutum ya shiga kantin kayan farauta a Jamus, ko Amurka, ko Afirka ta Kudu, ya ce a nuna masa madubin da ake ɗora wa bindiga, babbar lambar da ke jikin kwali ita idonsa ke fara kamawa. Wannan yana jawo abu sau 9, wancan sau 16, ga wani can a saman kanta mai sau 25. Sai zuciya ta raya masa cewa mai 25 ɗin ya fi, tunda ya fi tsada, ya fi kauri, ya fi kwarjini. A nan sabon maharbi yake fara asarar kuɗinsa, daga baya kuma ya je daji ya yi asarar nama. Abin da nake son mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, a farauta ƙaramar lambar ce take da muhimmanci. Babbar tana da ranarta, amma ranar ba ta cika zuwa ba.

Maganar tana kan bindigar farauta mai dogon baki, wadda ke fitar da harsashi ɗaya tak ya tafi nesa a miƙe, irin wadda ake harbin barewa da ita a Turai da Amurka, da manyan namun daji a Namibiya da Tanzaniya da arewacin Kamaru. Bindigar toka da mai baki biyu masu watsa ƙwayoyi aikinsu na kusa ne, ba ruwansu da wannan madubi. Sannan duk abin da za a faɗa na mai lasisi ne, a wurin da hukuma ta yarda a yi farauta. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba tare da lasisi ba, kuma an haramta farauta a gandun daji irin su Yankari da Gashaka-Gumti. A arewacin Kamaru kuwa akwai yankunan da gwamnati ta keɓe domin farauta da izini a kewayen gandun Benuwai da Faro da Bouba Ndjida, ana buɗe su da rani.

Karanta lambobin

A ɗauki madubin da ya fi kowanne yawa a hannun maharba, mai rubutun 3-9x40. Lambobi biyun farko suna nufin akwai zobe a kusa da inda ake sa ido, wanda idan ka murɗa shi madubin zai riƙa jawo abu daga ninki 3 har zuwa ninki 9. Lamba ta ƙarshe, 40, faɗin gilashin gaba ce a milimita. Idan ka ga 4x32 ko 8x56, to ninkinsa ɗaya ne, ba ya murɗuwa.

Lissafin ninki mai sauƙi ne: ka raba nisan da lambar. Dabbar da ke tsaye a mita 200, a ninki 4 za ka gan ta kamar tana mita 50 ga ido tsirara. A mita 300 da ninki 9, kamar tana mita 33 ne. To ka tambayi kanka, barewar da ke tsaye mita 50 a gabanka, kana iya gane inda kafaɗarta ta ƙare, haƙarƙari ya fara? Mai lafiyar ido yana iyawa. Wurin da ake nema a jikin barewa, wato huhu da zuciya, faɗinsa ya kai kimanin santimita 20, na gwanki ko ɓauna kuwa ya zarce haka sosai. Ba ƙwayar idon dabba ake nema ba. Shi ya sa tsofaffin maharban Amurka suka daɗe da wata ƙa'ida ta ninki ɗaya ga kowace yadi 100. Maharban yau suna ganin ta yi tsauri, sukan ninka ta biyu ko uku. Ko da an ninka uku, harbin yadi 300 bai wuce ninki 9 ba, kuma mafi yawan namun da ake kashewa a duniya ba su kai wannan nisa ba.

Abin da ninki yake ƙwacewa

Duk abin da ninki ya ba ka, sai ya karɓi wani abu a madadinsa. Na farko kuma mafi tsada shi ne faɗin abin da kake gani.

Madubi mai 3-9x40, idan yana kan 3, yakan nuna maka fili mai faɗin mita 11 zuwa 13 a nisan mita 100. Murɗa shi zuwa 9, filin ya dawo kimanin mita 4. Wannan a mita 100 ke nan. Idan dabbar ta taso a mita 25, faɗin abin da za ka gani a ninki 9 bai wuce mita ɗaya ba, alhali tsawon jikin gwanki ya haura mita biyu. Ka ɗaga bindiga, ka sa ido, sai ka ga gashi ja ya cika madubi. Ba ka san kafaɗa ce ko ciki ko cinya ba. Mafi muni, sau da yawa ba ma za ka ga dabbar ba, sai ganye da ciyawa, kana ta lilo da bakin bindiga kana nema, ita kuwa ta riga ta shige kurmi.

Idan dabbar tana gudu abin ya fi tsanani. Mugun dawa mai gudun kilomita 40 a sa'a yana cin mita 11 a daƙiƙa guda. A nisan mita 50, filin ninki 9 mita 2 ne kacal, zai ratsa shi cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa. Ba hannun da zai iya bin sa. Wannan ne dalilin da ya sa a Jamus da Faransa da Poland, inda ake farautar kora, masu kora da karnuka suna tayar da aladen daji su bi ta gaban maharba, madubin da ake ɗorawa shi ne 1-4x24 ko 1-6x24. A ninki 1 filin yakan kai mita 35 zuwa 40 a nisan mita 100, maharbi yana buɗe idanunsa biyu, yana ganin dabbar, yana ganin karen da ke bin ta, yana ganin inda ɗan kora ya ɓullo.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi damuna. Ƙuntataccen fili ba nama kawai yake sa a rasa ba. Yana ɓoye maka abin da ke gefen dabbar da abin da ke bayanta: 'yar maraƙar da ke tsaye kusa da uwarta, makiyayin da ke tafe da shanunsa, abokin farautar da ya canza wuri bai faɗa ba. Harsashin irin wannan bindiga yana iya tafiyar kilomita uku ko fiye idan bai sami abin da ya tare shi ba. Maharbin da ke kallon mita ɗaya na duniya a lokacin da yake jan kunama bai san inda harsashinsa zai kwana ba.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan harbi. Bindiga ta yi shuri, bakinta ya ɗaga, dabbar ta fita daga madubi. A ƙaramin ninki nan take za ka sake kama ta, ka ga ko ta faɗi, ko ta rusuna ta ruga, ka ga hanyar da ta bi, ka ƙara mata na biyu idan da bukata. A babban ninki kafin ka nemo ta, ta tafi da rauni. Barin dabba ta je ta mutu a hankali cikin daji abu ne da addini bai yarda da shi ba, al'adar maharba ma ba ta yarda ba. Maharbi Musulmi yana yin bisimilla lokacin saki, idan ya iske ta da rai ya yanka, kuma yankan yana bukatar ya san inda ta nufa.

Abu na biyu da ninki yake ƙwacewa shi ne natsuwa. Duk wanda ya taɓa jawo hoto da kamarar waya har ƙarshe ya san yadda hoton ke rawa, alhali hannun bai ƙara karkarwa ba. Haka madubin bindiga yake. Rawar hannu da bugun zuciya da numfashi suna nan a ninki 4 kamar yadda suke a ninki 16, amma a 16 ana nuna maka su sau huɗu. Sai ka ga zaren saiti, wato siraran layukan da ke cikin madubi, yana tsalle daga ƙirji zuwa ciki, daga ciki zuwa ƙasa, hankalinka ya tashi, ka fara jiran lokacin da zaren zai gifta wurin da kake so domin ka fizgi kunama. Fizgar kunama kuwa ita ce uwar kuskure. A ƙaramin ninki zaren yana shawagi a hankali cikin ƙirjin dabbar, kai kuma kana matsa kunama sannu a hankali har ta tashi. A kan teburin gwaji, da buhunan yashi a ƙarƙashin bindiga, babban ninki yana da daɗi ƙwarai. A daji kuwa mutum ya yi tafiyar awa uku cikin rana, yana haki, ya jingina bindiga a kan gwafa ko reshe, ba abin da ninki 16 zai ƙara masa sai fargaba.

Haske

Wannan yana da ɗan lissafi, amma ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan masu talla suka fi rikita mutane.

Riƙe madubi nesa da fuskarka, kamar tsawon hannu, ka fuskanci wuri mai haske. Za ka ga wani ɗigon haske a gilashin baya. Ta wannan ɗigo ne duk hoton yake shiga idonka. Faɗinsa shi ne faɗin gilashin gaba a raba da ninki. Madubi mai gilashi 40 a ninki 9 yana ba da ɗigo mai milimita 4.4, a ninki 6 kuwa 6.7. Mai 6-24x50, idan aka kai shi ƙarshe, ɗigonsa bai fi milimita 2 da ɗan kaɗan ba.

Da rana tsaka ƙwayar idon mutum takan tsuke zuwa milimita 2 ko 3, saboda haka ƙaramin ɗigo ba ya rage komai na haske. Da asuba ko bayan faɗuwar rana ƙwayar takan buɗe har milimita 7 ga matashi, ga wanda ya manyanta kuwa da ƙyar take wuce 5. Idan ɗigon madubi ya fi buɗewar idonka ƙanƙanta, hoton sai ya dushe. Namun daji kuma a waɗannan lokuta biyu suka fi fitowa kiwo da shan ruwa. Don haka idan magariba ta kawo jiki ka ga hoto ya fara duhu, rage ninki. Mutane da yawa suna yin akasin haka, suna ƙarawa wai don su gani da kyau, sai duhun ya ƙaru.

Wannan lissafi ne ya haifi 8x56 da 7x50 da 6x42, waɗanda maharban Jamus da Austiriya suka daɗe suna so. Ka raba kowanne, amsar 7 ce ko kusa da ita. Su suna zama ne a kan rumfar katako a bakin daji, suna jiran barewa da almuru ko aladen daji a farin wata, kuma almurunsu yana da tsawo, da bazara yakan ja fiye da rabin awa ana ɗan gani. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya ba haka abin yake ba. A Garwa ko Arusha rana tana faɗuwa, cikin minti 20 zuwa 25 duhu ya rufe. Mai farauta a irin waɗannan wurare ba shi da dalilin ɗaukar gilashi 56. Gilashi 40 ko 42 ya ishe shi, balle yawancin wurare sun hana farautar dare. A jihohi da dama na Amurka ma doka ta tsayar da harbi daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta.

Wani amfanin faffaɗan ɗigo da ba a cika ambata ba shi ne sauri. Idan ɗigon yana da faɗi, ko kanka bai zauna daidai a kan ƙota ba za ka ga hoto cikakke. Idan ƙarami ne, ɗan kaucewa kaɗan sai baƙi ya rufe gefe. Kuma ingancin gilashi da shafin da aka yi masa sun fi girmansa tasiri. Madubi mai kyau na 2-7x33 ya fi na arha mai 6-24x50 haske da tsabtar hoto. Idan kuɗinka kaɗan ne, sayi ingancin gilashi, ka bar yawan lamba. Kaurin bututun madubi kuwa, ko inci ɗaya ko milimita 30, bambancinsa a yawan juyin saiti yake, ba a haske ba.

Zafi da hazo su ma suna da hannu a zaɓi. Da rana ta take, iska mai zafi tana tasowa daga ƙasa tana kaɗawa, kawalwalniya ke nan. Ninki 6 yana ratsa ta ba damuwa. Ninki 18 yana tattaro ta gaba ɗaya ya zuba maka a ido, dabbar ta riƙa narkewa tana haɗuwa. Lokacin farautar arewacin Kamaru kuma ya faɗo ne cikin hunturu da bazara, ga hazo ga ƙurar ciyawar da aka ƙone. Madubi ba ya share hazo, girmama shi yake yi.

Sannan ga shurin bindiga. Tsakanin ido da gilashin baya ana bukatar tazarar santimita 8 zuwa 10. A madubai da yawa tazarar tana raguwa idan aka ƙara ninki, maharbi ya riƙa tura fuska gaba ba tare da ya sani ba. Bindiga mai ƙarfi irin .375 H&H, wadda aka fito da ita a Ingila a 1912 kuma ƙasashen Afirka da dama suka mai da ita mafi ƙanƙantar abin da za a tunkari ɓauna da shi, idan ta yi shuri bakin madubi yakan tsaga gira. Wanda hakan ta same shi sau ɗaya yakan daɗe yana runtse ido kafin harbi. Babban madubi kuma yana da nauyi. Na 3-9x40 bai kai rabin kilo ba, na 5-25x56 yana kusantar kilo guda, kuma dole a ɗaga shi sama da dogayen zobba don kada gilashin gaba ya taɓa bakin bindiga, sai kunci ya rabu da ƙota, saiti ya rasa madogara.

Daji ne ke zaɓa

Kafin ka dubi kanti, zauna ka amsa tambayoyi biyu da gaskiya. Mene ne harbi mafi kusa da zai iya zuwar mini ba shiri? Mene ne mafi nisa da na tabbata zan iya? Amsar farko ita ke ba ka ƙaramar lamba, ta biyu ta ba ka babba. Ka fi ba ta farko nauyi, domin dabbar da ke nesa ba ta san da kai ba, kana da lokacin murɗa zobe. Wadda ta taso a gabanka ba za ta jira ba.

A kurmi da daji mai duhu, irin na lardin Limpopo a Afirka ta Kudu ko dazuzzukan gabashin Amurka, inda harbi ba ya cika wuce mita 100, abin da ya dace shi ne 1-4, ko 1.5-6x42, ko 2-7x33. Ga ɓauna da duk dabbar da ke iya juyowa kan mutum, ƙaramar lambar kada ta wuce 1.5, kuma maharba da yawa suna ɗaure madubin da maƙalin da ake cirewa da hannu, domin idan za a bi mai rauni cikin ciyawa a koma ga saitin ƙarfe na jikin bindiga.

A dajin da ya haɗa itatuwa jefi-jefi da sarari, wanda shi ne irin na yankin Benuwai da yawancin wuraren farauta a duniya, harbi yakan kasance tsakanin mita 50 da 250. Nan ne gidan 3-9x40 da 2.5-10x42 da 2-10. Idan mutum bindiga ɗaya gare shi, madubi ɗaya zai saya, a nan zai tsaya. Ni a ganina mai farawa da 2 ko 2.5 ya fi mai farawa da 3, ko da za a rasa ninki ɗaya a sama.

Sai fili fetal da duwatsu: Karoo a Afirka ta Kudu, hamadar Namibiya, filayen Wyoming, tsaunukan Alps, da tuddan Tajikistan inda ake neman ragon dutse. A can babu abin ɓuya, dabba tana hango mutum daga nesa, harbin mita 300 ba baƙon abu ba ne, kuma ana yin sa ne a kwance, bindiga a kan jaka. A irin wannan wuri 3-15 ko 4-16 yana da hujja. Fiye da haka na masu gasar harbin allo ne da masu harbin ƙananan dabbobi irin ɓerayen fili daga kan tebur.

Amma a kula, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Harsashin .308 Winchester da aka saita a mita 100 yana sauka kusan santimita 40 kafin ya kai mita 300, iskar gefe mai gudun kilomita 16 a sa'a kuma tana ture shi kimanin santimita 20. Ninki ba ya gyara ko ɗaya daga cikin biyun. Abin da yake yi shi ne ya sa dabbar ta yi kamar tana kusa, ya zuga mutum ya yi harbin da ya fi ƙarfinsa.

Ga ƙaramar bindiga .22 da bindigar iska, na zomo da zabo da kurciya, 4x32 ko 2-7x32 sun wadatar. Mai bindigar iska mai sifirin ya tabbata an rubuta cewa madubin na irinta ne, domin tana girgiza gaba da baya, kuma tana lalata madubin da ke jure manyan bindigogi.

Kada a raina madubin da ninkinsa ba ya murɗuwa. Weaver K4, mai ninki 4, ya fito a shekarun 1940, kuma da irinsa aka yi farautar nahiyoyi. Jack O'Connor, wanda ya shafe shekaru sama da 30 yana rubutu a mujallar Outdoor Life kuma ya rasu a 1978, ya yi suna da harbin ragunan dutse da .270 Winchester, yawanci da madubi mai ninki 4. Wanda ba ya murɗuwa ba shi da kayan ciki masu yawa da za su lalace, ba shi da nauyi, kuma ba zai taɓa kama ka a kan lambar da ba ta dace ba.

Abubuwa biyu da ke tafiya da ninki

Zaren saiti iri biyu ne ta fuskar inda aka dasa shi. A yawancin madubin farauta girman zaren ba ya canzawa komai murɗin zobe. Tsakiyarsa daidai take a kowane ninki, amma ƙananan alamomin da ke ƙasanta, na harbin nesa, a ninki guda kawai suke daidai, galibi mafi girma. Wanda ya yi amfani da alamar mita 300 alhali yana kan ninki 5 zai harba sama da dabbar. A ɗaya irin kuwa zaren yana girma yana ƙanƙancewa tare da hoto, alamominsa daidai suke a ko'ina, sai dai a ƙaramin ninki yakan sirance har ya ɓace cikin inuwa idan ba mai fitila ba ne. Ga mai farautar da ba ta wuce mita 250 ba, irin na farko da zare mai kauri a gefe, siriri a tsakiya, wanda kamfanin Leupold ya fito da shi da sunan Duplex a 1962, ya isa.

Na biyu shi ne zamewar zare. Kafa bindiga a kan buhu, ka dubi allo, ka motsa kanka kaɗan ba tare da taɓa ta ba. Idan zaren ya yi kamar yana yawo a kan allon, akwai zamewa. Madubin farauta na yau da kullum an daidaita shi a masana'anta a kan mita 100 ko kusa, na .22 kuma a wajen mita 50, kuma har zuwa ninki 9 ko 10 kuskuren bai kai ya fitar da harsashi daga ƙirjin dabba ba. Sama da 10 sai madubin ya zo da wani maɓalli a gefe na gyara ta, wato ƙarin abin murɗawa a lokacin da dabba ke shirin tafiya.

Gwada kafin ka yanke

Idan da hali, ari madubin wani ko ka je filin koyon harbi mai rajista. Fara da daidaita gilashin ido: fuskanci sararin sama, nesa da rana, ka murɗa zoben baya har zaren ya fito tas da kallon farko. Sannan ka yanko kwali mai faɗin santimita 20, ka kafa shi gaban tudun ƙasa da zai tare harsashi. Harbe shi a mita 50, da 100, da 150, da 200, a tsaye da gwafa, a durƙushe, a zaune, kamar yadda za ka yi a daji. Kowane nisa ka gwada shi a ninki 4, ka sake a 6, ka sake a mafi girma. Nisan da kake samun tara cikin goma shi ne iyakarka, ninkin da ya ba ka wannan sakamako kuma shi ne abin da kake bukata. Mutane da yawa sukan tarar cewa a tsaye sun fi samu a 4 ko 6.

Ka yi wani gwajin na sauri, bindiga babu harsashi. Zaɓi wani kututture a mita 30, ka dube shi da idanu biyu, ka ɗaga bindiga. Idan kututturen bai bayyana a madubi nan take ba, ko dai ninkin ya yi yawa, ko madubin bai zauna daidai da fuskarka ba. Ga sabon madubi kuma, harba uku a ƙaramin ninki, uku a babba, a allo ɗaya daga kan buhu. Idan rukunin biyu suka rabu, madubin yana canza saiti da murɗi, mayar da shi kanti.

A daji, zoben ya zauna a ƙaramar lamba tun daga fitowa. Ka ƙara shi ne kawai idan dabba tana nesa, tana tsaye, ka sami majingina. Da ka gama, ko ka harba ko ba ka harba ba, mayar da shi ƙasa kafin ka ɗaga ƙafa. Kuma ina roƙon duk mai riƙe bindiga, kada ya mai da madubinta abin leƙe. Duk abin da ka duba ta cikinsa, ka nuna shi da bakin bindiga ke nan. Motsin da ka hango a cikin ciyawa yana iya zama yaro mai kiwo ko mace mai itace. Rataya tabaron hangen nesa na hannu a wuya, mai 8x42 ko 10x42, da shi za ka nemo dabba, ka tabbatar namiji ne ko mace, babba ne ko ƙarami, yana cikin izininka ko ba ya ciki, sannan ka ɗaga bindiga.

Idan dajinka na itatuwa da sarari ne, kuma harbinka bai wuce mita 250 ba, sayi 2.5-10x42 ko 3-9x40 mafi ingancin da aljihunka zai ɗauka. Kuɗin da ya rage ka sayi tabaron hannu da harsashin gwaji.